Abin Lura: A Sauke Ni a Tasha

Wata safiya cikin hunturu muka taso daga Daudawa za mu Funtuwa a wata tsohuwar motar haya, mu bakwai ban da direba, ga buhunan masara a baya sun danne ta har tana neman shafar ƙasa. Kusa da ni wani dattijo ne mai farin gemu, riƙe da carbi da 'yar jakar fata. Tun da muka tashi bai ce uffan ba. Sai da muka fara shiga gari ya miƙa hannu ya taɓa kafaɗar direba.

"Yaro, a sauke ni a tasha."

"Ai can za mu, Baba. Kowa ma a tasha zai sauka."

"Ba taku ba. Tashar jirgi."

Wani saurayi da ke gidan gaba ya waiwayo yana dariya. "Baba, wane jirgi kuma? Ni dai tun da na yi wayo ban taɓa shigarsa ba."

Dattijon bai ji haushi ba. Ya ce, "Ai ba jirgi zan shiga ba, ɗana. Gidan ƙanwata za ni. Nan aka kawo ta aure, nan ta haifi 'ya'yanta, nan jikokinta suke."

Aka yi dariya, hira ta koma kan farashin taki. Ni kuwa maganar ta zauna mini. Ga wuri an sa masa suna don wani abu da ke zuwa ya tsaya ya wuce. Abin ya daina zuwa yadda ya saba, amma sunan yana nan, gidajen suna nan, har mutum yana biyan kuɗin mota ya zo zumunci. To me ya riƙe wurin?

Duk wanda ya saba shiga motar haya a ƙasar Hausa ya san kiran yaran mota, sai dai ba kowa ke sauraron abin da sunayen ke faɗi ba. Bakin Dogo a Kaduna. Tashar Yari da Kwanar Ɗangora a hanyar Zariya zuwa Kano. Mararrabar Ƙanƙara, Mararrabar Maigora. Zangon Daura, Zangon Kataf. A Funtuwa da Malumfashi akwai unguwar da ake kira Bisije, wato yadda bakin Bahaushe ya sarrafa harufan BCGA, ƙungiyar Turawan Ingila masu neman auduga da aka kafa a 1902. Ko ɗaya cikin sunayen nan ba na dutse ko kogi ba ne. Dukansu sunayen wuraren tsayawa ne: inda ayari ya sauke kaya, inda mota ta rage gudu don ta karya kwana, inda aka ɗora auduga a sikeli, inda jirgi ya sha ruwa.

Wannan al'amari ba a ƙasarmu kaɗai ya faru ba. A biranen Turai da Amurka an yi yayin wani ƙaramin jirgin ƙasa da ake shimfiɗa wa dogo a tsakiyar titin gari, tarago ɗaya ko biyu, yana tafe yana kaɗa ƙararrawa, yana tsayawa a kowace unguwa kamar motar haya. Mu kira shi jirgin titi. Da fari dawakai ke jansa. A 1888 wani injiniya mai suna Frank Sprague ya kafa mai aiki da lantarki a birnin Richmond na Amurka, aka ga yana hawa tudu da fasinja ba gajiya, kafin a ce kwabo birane sun ɗauka.

Kafin zuwan jirgin titi, girman birni bai wuce abin da ƙafa za ta ci da safe ta dawo da yamma ba. Ma'aikacin masaƙa dole ya kwana a gindin masaƙa, cikin hayaƙi da cunkoso. Da jirgin titi ya zo, sai masu ido a kan filaye suka gano wata dabara. Su sayi gonaki a bayan gari da araha, su ja dogo zuwa can, su yanka fulotai su sayar da tsada. A Los Anjelas wani attajiri, Henry Huntington, ya kafa kamfanin jajayen taragai a 1901, kuma ribar da ya ci a filayen da ke gefen layin ta fi wadda ya ci a kuɗin fasinja. A Boston haka unguwanni irin su Roxbury da Dorchester suka cika da gidaje.

Abin sha'awa shi ne tsarin da unguwannin suka ɗauka ba tare da an tilasta musu ba. Tun da kowa da ƙafa zai je ya shiga jirgi, ba wanda ke son gidansa ya yi nisan da ya wuce tafiyar 'yan mintoci daga wurin tsayawa. Saboda haka fulotai suka zama matsattsu, gida na jingine da gida. A daidai inda jirgin ke tsayawa kuwa sai ka ga mai burodi, mahauci, mai magani, mai aski, kowa da shagonsa a ƙasa, ɗakin kwanansa a sama. Mutum ya sauko daga aiki, ya sayi cefane, ya gaisa da maƙwabta, ya taka zuwa gida. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu motoci suka yi yawa, aka yi ta tumɓuke dogo ko a malale shi da kwalta. Jajayen taragan Los Anjelas sun yi tafiyarsu ta ƙarshe a 1961. Amma da yawa daga cikin waɗancan unguwanni suna nan, har ma yau ana rububin gidajensu, domin a cikinsu tsoho da yaro za su iya biyan buƙatarsu ba sai da mota ba.

Ko a nan Afirka an yi. A 1905 wani ɗan ƙasar Beljiyam, Baron Empain, ya sayi fili a hamada arewa maso gabashin Alƙahira, ya gina sabuwar unguwa, ya haɗa ta da tsohon birni da jirgin titi. Turawa suka kira ta Heliopolis, Misirawa kuwa suka ce Misr al-Jadida, wato Sabuwar Masar. Da Bahaushe ne ya raɗa sunan, da Sabon Gari zai ce. A shekarun baya-bayan nan an cire layin don a faɗaɗa tituna, amma unguwar tana cikin manyan unguwannin Alƙahira.

A Nijeriya jirgin titi bai yi dogon kwana ba. An yi shi a Legas daga 1902, mai aiki da tururi, yana tasowa daga Iddo ya haye gada ya shiga tsibiri. A 1913 ya daina ɗaukar fasinja, ya koma kwasar najasar gari da dare har 1933. A Arewa kuma Gwamna Lugga ya sa an shimfiɗa wani siririn dogo tsakanin Zungeru da bakin kogin Kaduna a farkon zuwan Turawa, don jigilar kayan gwamnati. Abin da jirgin titi ya yi wa biranen Turawa, babban jirgin ƙasa ne ya yi mana shi, kuma ya yi shi da faɗi: can unguwanni ya haifa, nan har garuruwa.

Dogon da aka taso da shi daga Baro, a bakin kogin Kwara, ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. Kada mu yi wa tarihin kwalliya. Ba don a sauƙaƙa wa talaka zumunci aka shimfiɗa shi ba, don a kwashi amfanin gona a kai bakin teku ne, kuma da gumin talakawan da dagatai suka tara don aikin diga, da yawansu ba da son ransu ba. Turawa auduga suka sa rai za ta cika taragai don masaƙun Ingila. Manoman Kano suka yi lissafinsu, suka ga gyaɗa ta fi, suka ba su gyaɗa. Daga nan dalar gyaɗa ta samo asali, daga nan irin su Alhassan Ɗantata suka bunƙasa. Tashar kuwa a wajen ganuwa aka kafa ta, sai kantunan Turawa da na Kwarori suka jeru kusa da ita, aka yanka Sabon Gari a 1913 don akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu. A Zariya ma haka: birni na can cikin ganuwarsa, tasha ta ja Sabon Gari ya tsiro a gefenta. Masu mulki sun yi tsarin ne don su raba baƙo da ɗan gari. Kasuwa ba ta san wannan ba, ta haɗa su.

Mu a kudancin Katsina rabonmu ya zo ne da reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda, fiye da kilomita 200, wanda aka kammala a 1929. A nan Turawa suka sami audugar da suka rasa a Kano. Ƙasar Funtuwa da Faskari da Ƙanƙara da Malumfashi mai laka ce, ga ruwan sama isasshe. A shekarun 1920 aka kafa gonar irin auduga a Daudawa, inda ake yawaita zaɓaɓɓen iri a raba wa manoma, irin da asalinsa daga Amurka aka kawo, daga baya masu binciken Samaru suka yi ta inganta shi. Manomi ya karɓi angurya ya shuka, da kaka ya tsince, ya ɗora wa jaki ya kai fuloti, wato kasuwar auduga. Malamin auduga ya duba ya ba ta daraja, a auna, a biya. Daga fuloti sai gidan gurza, a raba ta da angurya, a matse ta a ɗaure, sai tasha, sai bakin teku. Kowane mataki a cikin waɗannan wurin tsayawa ne, kuma a kowanne akwai mai tuwo da mai fura da mai ɗinkin buhu da ɗan dako.

Dubi abin da wannan ya yi wa taswirar ƙasar. Maska tsohon gari ne mai tarihin sarauta da saƙa da rini tun kafin jihadi. Yau hakimin da ke zaune a Funtuwa sarautarsa Sarkin Maska ce. Sunan na tsohon gari, mazaunin na sabo. Haka hakimin Ƙanƙara yake riƙe da sarautar Sarkin Pauwa. Birnin Katsina kansa, wanda a ƙarni na 18 ayarin Sahara ke sauka a ƙofarsa, dogon Turawa bai je masa ba, ya bi ta kudancin ƙasarsa ya wuce. Funtuwa, wadda ba ta kai Maska suna ba a da, ta wayi gari ita ce babbar kasuwar yankin, Yarabawa da Ibo da Nufawa da Zabarmawa da 'yan ci-rani daga Sakkwato kowa ya zo ya kafa bukka, bukka ta zama ɗaki, ɗaki ya zama gida.

A nan ne abin lura na farko yake. Mukan ce hanya ce ke kawo arziki, amma in an duba da kyau, hanya ita kaɗai ƙura take bari. Dogo ya ratsa dazuzzuka da gonaki masu yawa tsakanin Zariya da Ƙauran Namoda, bai tsirar da ko rumfa ba sai a inda yake tsayawa. Kuma tsayawar tasa ta dole ce. Injin tururi sai ya sha ruwa, sai an zuba masa gawayi. Layin ƙwaya ɗaya ne, in jirgi biyu za su yi kiciɓis, dole ɗaya ya raɓe a tasha ya jira ɗan'uwansa ya wuce, wani lokaci jiran ya kai awa da awanni. Fasinja yana tsaki, yana duban rana, yana ganin an ɓata masa lokaci. Amma wannan jiran da yake tsana shi ne abincin garin. Cikinsa ne yarinya ke miƙa ƙosai ta taga, mai rake ya sayar, mai ruwa ya samu, almajiri ya sami sadaka, baƙo ya sauko ya yi alwala ya tambayi ina masallaci, a nuna masa, a ce ya dawo ya ci abinci. Wani daga wannan saukowar bai sake hawa ba.

Kakanninmu sun san wannan tun kafin a ƙera ƙarfen dogo. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba sa tafiya sai madugu ya san inda za a kwana. Jaki da takarkari suna da iyakar abin da za su ci a wuni, sai a sami wuri mai ruwa da ciyawa a yada zango. Yau an kwana, baɗi an sake kwana, sai matan ƙauyen kusa su fara kawo fura da dawo, wani maƙeri ya kafa zuga don gyaran kaya, wani malami ya zauna yana ba da sa'a, wani ya gina ɗakunan saukar baƙi ya zama fatoma. Fagge ta Kano haka ta fara, filin da ayarin arewa ke sauka a bakin ganuwa. Har a Kumasi da Accra, unguwar Hausawa Zango ake ce mata. Mu mutane ne da suka sa wa gidajensu na dindindin sunan wurin kwana ɗaya.

Sai dai akwai abin lura na biyu, wanda ya fi na farko nauyi. Ba kowace tasha ce ta zama gari ba. Duk wanda ya bi tsohon layi ya ga ƙananan tashoshi a daji, ɗaki ɗaya da allon suna, yau jemagu ne a ciki. Jirgi ya tsaya a nan shekara da shekaru, amma ba a sami wanda ya tari baƙo ba, ba a sami abin ɗorawa ba, ba a haƙa rijiya ba. Akwai ma layin da ya mutu ɗungurungum, kamar siririn dogon da ya haɗa Zariya da Jos da Bukuru don kuza, wanda aka gama a 1914 aka rufe a 1957. Tsayawar jirgi dama ce kawai. Abin da mutane suka yi da damar shi ke nuna ko wurin zai rayu bayan jirgin.

Mu ma an gwada mu. Motocin lori da tirela suka ƙwace kayan da jirgi ke ɗauka, hukumar reluwe ta yi ta rauni, a 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona har da ta auduga, fuloti ya watse. Daga baya manyan masaƙun Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Manomin Daudawa da ubansa ya yi aure da kuɗin auduga ya koma masara da dawa da waken suya. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Amma Funtuwa ba ta mutu ba. Dalili na zahiri shi ne ta zama mahaɗar tituna: ga na Zariya, ga na Gusau da Sakkwato, ga na Malumfashi zuwa Katsina, ga na Ɗandume da Sabuwa zuwa Birnin Gwari. Dalili na ɓoye kuwa shi ne wanda dattijon nan ya faɗa ba da niyyar wa'azi ba. Cikin shekarun da jirgi ke tsayawa, mutanen da ya sauke sun yi auratayya, sun gina masallatai da makarantun allo, sun binne iyayensu a maƙabarta ɗaya, sun ci bashin juna sun biya. Jirgi ya kawo su, amma ba shi ya ɗaure su ba. Da ya janye, igiyar tana nan.

Shekarun nan na rashin tsaro sun koya mana darasin ta bayan hannu. A ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta ce su zagaya ta Funtuwa, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. An yi haka don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun kuɗi da kaya. Amma ko kafin doka, tsoro ya riga ya yi nasa aikin. Direban da a da yake tsayawa a ƙauye ya yi salla, ya sha shayi, ya sayi kaji, sai ya koma taka mota ba waiwaye. Kwaltar tana nan, motoci na wucewa, amma mai shayi ya kife tukunya, mai faci ya naɗe kayansa ya koma birni. Ranar da matafiyi ya daina tsayawa a gari, ranar garin ya fara ciwo, ko da titinsa ya fi na kowa kyau. Shi ya sa duk sanda aka sami sauƙi, alamar farko da mutanen karkara ke dubawa ita ce ko kasuwa ta ci, ko baƙin motoci sun kwana.

Wannan ya kamata ya sa mu sake duban yadda muke gina sababbin unguwanni. Yau a gefen kowane gari za ka ga an yanka gona an kafa duwatsu ana sayar da fulotai. Ba a bar filin kasuwa ba, ba a bar na makaranta ba, wani lokaci ko hanyar da mota za ta juya babu. Kowa ya ja katanga mai tsawo ya sa ƙyauren ƙarfe. In gishiri ya ƙare sai an hau babur. Tsohuwa ba ta da inda za ta taka ta zauna, yaro ba shi da dandali. Tsofaffin unguwanninmu, ko na cikin ganuwa ko na bakin tasha, da awon ƙafa aka gina su, kamar dai waɗancan na jirgin titi: masallaci a nan, mai kayan miya a can, zaure a buɗe, dakali a ƙofar gida. Mun ɗauka talauci ne ya sa suka matsu. Ashe matsin nan shi ke sa a san wanda bai fito sallar asuba ba.

Ga shi kuma dogo yana neman dawowa. Na Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016, kuma kowa ya ga yadda tashar Rigasa ta tara direbobi da masu abinci a wurin da a da ba a zuwa sai da dalili. A 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, wato birnin Katsina zai sami abin da ya wuce shi shekara ɗari da suka shige. A 2024 aka buɗe tashar sauke kayan jiragen ruwa ta kan tudu a Funtuwa. Duk abin murna ne. Amma jirgin zamani ba ya shan ruwa a hanya, ba ya son jira, kuma akan kai tasharsa bayan gari a kewaye ta da waya. Tambayar da ta kamaci shugabannin al'umma da 'yan kasuwa su riƙa yi tun yanzu ita ce: a ina zai tsaya, minti nawa, kuma wa aka bar wa wuri a bakin ƙofa? In an tanadi rumfunan masu ƙaramin jari, da hanyar ƙafa, da ruwa, da inuwa, unguwa za ta tsiro da kanta. In ba a yi ba, za mu riƙa jin ƙararsa da dare kamar yadda ƙauyukan gefen babban titi ke jin ta tirela.

Abin bai tsaya ga garuruwa ba. Mutum ma ko titi ne ko tasha. Akwai wanda duniya ta bi ta kansa, muƙami ya zo, kuɗi suka zo, jama'a na shiga suna fita, amma ba wanda ya taɓa zama a zaurensa ya sha ruwa ya ji sanyi a ransa. Ranar da muƙamin ya janye, sai ƙofar gidan ta koma kamar waccan tashar daji mai jemagu. Akwai kuma wanda abin da Allah ya ba shi kaɗan ne, amma a ɗan lokacin da mutane ke tsayawa a wurinsa ya san sunan 'ya'yansu, ya je jana'izarsu, ya rufa musu asiri. Irin wannan ko ya yi ritaya, ko kasuwa ta karye masa, ƙofarsa ba ta rabuwa da takalma. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Mu kanmu da muke gudu kullum, waya a kunne, muna wuce gidan ƙanin uba da niyyar sai wani jiƙon, yana da kyau mu tuna cewa duk abin da ya yi saura a rayuwarmu, a wuraren da muka tsaya muka same shi. Ba wanda ya taɓa yin aboki a guje.

Direbanmu dai ya bi da mu ta wajen tashar jirgi yana gunaguni, wai an sa shi zagaye. Ya taka burki a gefen tsohon dogo, inda awaki ke kwance a kan ƙarfen suna tuƙa, wata mata kuma ta baza barkono a gefe yana shan rana. Kafin dattijon ya gama zuro ƙafarsa waje, yara uku sun sheƙo suna "Ga Kaka! Ga Kaka!", ɗaya ya karɓe jakar, ɗaya ya riƙe masa hannu. Ya juyo ya ce da direba, "Allah ya yi maka albarka, yaro. Allah ya kiyaye hanya."

Tsayuwar ta kai minti biyu, don sai da aka sauke wani ƙullin kaya daga saman buhunan. Cikin minti biyun nan wata yarinya ta iso da farantin gyaɗa, wani yaro da ruwan leda, mai lemo ya turo baronsa. Saurayin nan na gidan gaba, wanda ya ce wane jirgi kuma, shi ya fara zuro hannu ta taga.

"Ke, ta nawa ce gyaɗar?"